Tare ruwa a dajin gambut: littafin aiki daga Kalimantan ta Tsakiya

9 ga Fabrairu, 2023

Yau muka gama ramin gwaji na shida. Ƙarfen awonmu haɗe-haɗe ne, kowane guntu mita ɗaya, ana ɗaura wani a kan wani ana dannawa ƙasa. Mutum biyu sun isa, ba a neman guduma, don babu tsakuwa babu yashi. Sai da muka ɗaura guntu na takwas kafin bakinsa ya taɓo farin yumɓun da ke can ƙarƙashi. Duk abin da ke tsakanin tafin ƙafata da wannan yumɓu itace ne da saiwa da ganye da suka mutu suka faɗa ruwa, ruwan ya hana su ƙarasa ruɓewa. Mutanen nan Kalimantan ta Tsakiya, wani lardi na ƙasar Indonesiya, suna kiran irin wannan ƙasa gambut, Turawa su ce fit. Da gambut zan riƙa kiranta, tunda shi nake ji daga safe har dare.

Na ɗebi abin da ƙarfen ya fito da shi na matse a hannu. Baƙi ne mai ratsin ja, kamar ganyen shayin da aka dafa, ruwa na bin 'yan yatsuna, a tsakiya ga ɓallin itace har jijiyoyinsa ana gani. Kaurin gambut ba ya ƙaruwa da fiye da milimita ɗaya ko biyu a shekara. Wannan ɓalli ya shekara dubbai a kwance kafin ya zo hannuna.

Dajin ba a shimfiɗe yake ba, ko da yake ido haka yake ganinsa. Tsakanin kogi da kogi gambut ya taru ya yi tudu kamar an kifa ƙwarya. Ruwan kogi ba ya hawa can, ruwan sama kaɗai ke shayar da shi, shi ya sa ruwan ya yi tsami ya yi launin shayi. Aikin da aka ɗora mana bana shi ne mu mayar wa wani yanki na tudun ruwansa. Magudana ɗaya ce ke zuƙe shi, tsawonta kusan kilomita huɗu. Za mu datse ta a wurare da dama, mu raini dashe, mu dasa idan damina ta zagayo.

Dokar Indonesiya ta 2014, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta ce inda kaurin gambut ya kai mita 3 wurin kariya ne. Inda kuma ake noma a kansa, idan ruwa ya sauka fiye da santimita 40 daga doron ƙasa, an ɗauki wurin ya lalace. Wannan arba'in ɗin muka riƙe ma'auni. Mun kafa bututun roba 18 masu huji-huji a jiki, a layi uku da suka gitta magudanar, ana zura sanda a ga inda ruwa ya tsaya. Shekarun da na yi a aikin malamin daji idona a sama yake, ina duban kan itace. Nan sai da na koyi sunkuyawa.

2 ga Maris

Na bi magudanar da kwalekwale daga baki har inda ta ƙare. Saman ta ƙarama ce, masu saran katako suka yanke ta da hannu don su riƙa jan gumagumai a kan ruwa. Irin ta ake kira tatas. Ƙasan ta kuwa ta faɗa cikin wata ƙatuwa, miƙaƙƙiya sambal, wadda ka gani ka san aikin inji ce.

Ƙatuwar ragowar aikin shinkafa ce. A 1995 Shugaba Suharto ya ba da umarnin a mayar da hekta miliyan ɗaya na fadamar wannan lardi gonar shinkafa. Aka haƙa magudanu fiye da kilomita 4,000, aka sare daji. Shinkafar ba ta yi ba, don ƙasar ta yi tsami kuma ba ta da abincin shuka, kafin ƙarshen 1999 an watsar da aikin. Magudanun dai ba wanda ya rufe su. Suna nan suna kwasar ruwa zuwa kogunan Kahayan da Kapuwas da Sebangau dare da rana.

Abin da ke faruwa idan ruwa ya janye shi ne iska ta shiga gambut, ruɓewar da aka dakatar shekara dubbai ta ci gaba daga inda ta tsaya. Kabon ɗin da ke ciki ya bi iska, ƙasar ta riƙa lotsawa. A gonakin da aka tsane sosai an auna lotsawar kusan santimita 5 kowace shekara. Ba sai na duba takarda ba, na gani a bakin magudana: itatuwan da suka rage saiwoyinsu a fili, sun tsaya kamar a kan yatsu, har ina zura hannu ta ƙarƙashinsu. Bayan su kuma, iyakar ganin ido, babu komai sai kelakai, wani tsiro mai yaɗo da ke mamaye wurin da wuta ta ci.

Busasshen gambut makamashi ne. Gobarar 1997 ta nuna haka. Binciken da Susan Page ta jami'ar Lesta a Ingila ta jagoranta, wanda ya fito a 2002, ya ƙiyasta kabon ɗin da gobarar Indonesiya ta saki a wannan shekara tsakanin tan miliyan 810 da biliyan 2.57, wato kashi 13 zuwa 40 cikin ɗari na abin da duk duniya ke fitarwa a shekara daga man fetur da gawayi da gas.

20 ga Maris

Taro da mutanen ƙauye a zauren mai gari. 'Yan kabilar Dayak Ngaju ne mafi yawansu. Na baza taswira, na nuna inda kowace madatsa za ta zauna, su suna kiranta tabat. Aka saurare ni da ladabi. Da na gama sai wani dattijo masunci, wanda kowa ke ce wa Bue, wato kaka, ya matso ya ɗora yatsa a kan layin magudanar.

Ya ce, "Pak, kai a takardarka wannan rami ne da ke shanye ruwa. Mu hanyarmu ce. Ta nan nake zuwa tarkona, ta nan 'ya'yana ke zuwa tsagar itacen jelutun, ta nan ake fito da ɓawon itacen gemor. Idan ka toshe, da ka za mu ɗauko?"

Na ce masa kowace madatsa za a bar mata ƙofa a tsakiya, inda ruwa zai tsallaka, jirgi ma ya wuce. Ya dube ni ya ce to. Bai ƙara ba. An amince a yi madatsu bakwai, kuma mutanen garin ne za su yi aikin a biya su.

11 ga Afrilu

Wurin renon dashe ya tsaya da ƙafarsa. Mata shida ke kula da shi, ƙarƙashin wata dattijuwa da muke kira Mina. Itace biyu muka fi ba ƙarfi. Balangeran, saboda yana jure rana tsirara kuma yana jure tsayawa cikin ruwa. Jelutun kuma saboda danƙonsa, wanda ake sayarwa a yi cingam da shi, ga shi ba sai an sare itacen ba, tsaga jikinsa ake yi.

Irin balangeran ba ya ajiyuwa, idan ya faɗo ba a shuka da wuri ba ya mutu. Don haka mafi yawan abin da muke da shi ƙananan tsirrai ne da aka tono daga gindin iyayensu a daji, aka sa a leda da gambut, aka rufe da rumfa har su farfaɗo. Mina ba ta yarda a tono wanda ya wuce ganye huɗu. Ta ce babba ya riga ya saba da gidansu, ba ya yarda da ƙaura. Na duba layin da aka saɓa wa maganarta a makon farko, kusan rabi ya bushe.

16 ga Mayu

Madatsa ta biyar ta kammala. Yadda ake yi: a jera turakun itacen gelam layi biyu daga gaɓa zuwa gaɓa, a bar tazara tsakani, a ɗaure su da na gicciye, a shimfiɗa tampol a ciki, a cika da buhunan ƙasa a tattake. Gelam ba ya saurin ruɓewa a ruwa, shi ya sa. Babu injin buga turke a nan. Ana ɗaura katako a gicciye a kan turken, mutum huɗu ko biyar su hau su riƙe kafaɗun juna, su yi ta tsalle tare ana ƙirga musu, turken na nitsewa kaɗan-kaɗan. Idan ya ci karo da tsohon gungume a ƙarƙashi, sai a zare a matsa gefe.

Abu biyu na tsaya a kansu ba sassauci. Na farko fikafikan madatsa, wato a shigar da turakun cikin gaɓa hagu da dama sosai, domin gambut ba shi da nauyi, ruwa na samun laɓɓa zai zagaye ya ci gefe. Na biyu tazara. Madatsa ɗaya mai tsawo ba ta aiki a irin wannan ƙasa, nauyin ruwa zai tunkuɗe ta ko ya bi ta ƙarƙashi. Gara ƙanana da yawa a jere kamar matakala, bambancin ruwan gaba da na baya kada ya wuce taƙi ɗaya zuwa biyu.

Kwana uku da gama ta farko, ruwan bayanta ya hau har ya taɓa saiwoyin nan da na zura wa hannu a watan Maris.

7 ga Yuni

Da jijjifi aka zo aka ce mini madatsa ta uku ta ɓalle. Da na isa na ga ba ɓallewa ta yi ba. An zare turaku huɗu a gefen ƙofar, an ja buhuna gefe an jera su tsaf. Ruwan da muka tara wata guda ya tafi cikin dare ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, na zauna a kan gaɓa na daɗe ban yi magana ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Da yamma na je gidan Bue. Bai ɓoye ba, ya ce shi ne da ɗansa. Ya ɗauke ni zuwa bakin ruwa ya nuna mini jirginsa, ya miƙo mini igiya ya ce in auna cikinsa. Na auna. Ya fi ƙofar madatsar faɗi da kusan tafin hannu biyu.

Ya ce, "Ɗana, ka ce jirgi zai wuce. Wane jirgi ka auna?"

Ban auna ko ɗaya ba. Faɗin ƙofar daga zanen da aka ba mu na ɗauko, zanen kuma an yi shi ne da ƙananan kwalekwale a rai. Na yi masa alkawari a gaban jama'a, ban cika ba, shi kuma sati uku yana sauke kaya yana jan jirgi ta kan gaɓa, shi da yake da jikoki. Na ba shi haƙuri. Na roƙe shi abu ɗaya, idan wani abu ya sake tare masa hanya ya aiko a kira ni kafin ya taɓa. Ya ce ya ji.

Washegari muka auna jiragen garin kaf. Za a faɗaɗa ƙofofin bakwai ɗin duka, a shimfiɗa musu katako mai santsi da gangara gaba da baya yadda mutum ɗaya zai iya turo jirgi ya haye. Faɗaɗawar za ta rage ruwan da muke tarewa, na sani. Amma madatsar da za ta riƙe kashi takwas cikin goma ta kwana lafiya ta fi wadda za ta riƙe goma a wayi gari babu ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Bue ne ma ya nuna mana wata 'yar tatas da ciyawa ta rufe, wadda ba ta cikin taswirarmu, tana satar ruwa ta bayan madatsa ta shida. Ba mai bin ta yanzu, mun toshe ta ruf.

4 ga Yuli

Masana yanayi sun tabbatar El Nino ya kankama, ma'ana rani zai yi tsawo. An gama gyaran ƙofofi. Bututun da ke kusa da madatsu suna nuna ruwa a santimita 15 zuwa 25 ƙasa. Na layin da muka bari can gefen babbar magudana don kwatance sun riga sun haura 50. Mun fara haƙa rijiyoyin burtsatse a gefen da muke tsoron wuta.

12 ga Agusta

Kwana huɗu a cikin dajin da ba a taɓa tsanewa ba, muna sake auna itatuwan filin gwaji. Na yi kewar wannan aiki. Tef a ƙugu, a auna kaurin kowane itace a tsayin mita 1.3, a duba lambarsa, a rubuta.

Wata duniya ce dabam. Rani ya yi nisa amma ƙafa na nutsewa har idon sawu, wani wuri har gwiwa. Saiwoyi sun ɓullo daga ƙasa kamar turaku, wasu sun lanƙwashe kamar gwiwar mutum, da su itatuwan ke shaƙar iska. Ga tsiron nan mai tulu da ke kama ƙwari, saboda ƙasar ba ta ba shi abin da zai ishe shi. Da asuba birai masu dogon hannu ke tashe mu da kiransu. Mun ƙirga sheƙar orangutan, wani babban biri mai jan gashi, guda uku a saman itace, ɗaya ganyenta ɗanye shar, alamar jiya ya kwana a ciki. Gandun Sebangau, wanda aka kafa a 2004, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan wannan dabba a duniya, kuma kusan dukkansa irin wannan daji ne.

A filin gaba ɗaya, cikin irin itacen da ake kira ramin, biyu kawai muka samu da suka isa a kira su itace. Ramin shi ne katakon da ya jawo masu sara cikin fadamar nan tun farko, fari ne mai laushin aiki, ana firam ɗin hoto da kayan ɗaki da shi. Indonesiya ta hana saransa a 2001, a 2004 kuma aka sa shi a jeri na biyu na yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin halittun da ke cikin haɗari. Girmansa a hankali yake, ƙananan da na auna ƙaruwarsu sai ka ƙura wa tef ido.

A makaranta an koya mana cewa daji na ɗorewa idan abin da ka sara bai wuce abin da ya tsiro ba. Lissafin daidai ne a kan tudu. A gambut mai zurfi na daina yarda da shi. Matsalar ba yawan itacen da aka sara kaɗai ba ce, hanyar fito da shi ce. Gungume ba ya tashi sama. Ko a yanka masa tatas, ko a share masa layi a shimfiɗa dogo, kuma tatas ɗin da aka yanka don aikin wata shida za ta shekara talatin tana tsane dajin. A ganina amfanin da za a ci a irin wannan wuri shi ne wanda ba ya neman a sauke ruwa: danƙon jelutun, kifi, ciyawar purun da ake saƙa tabarma da ita, ɓawon gemor da ake maganin sauro da shi, shi ma idan ba a kashe itacen wajen ɓarewa ba.

Da dare a tanti na yi ta tunanin Kwango. A 2017 Greta Dargie da Simon Lewis da abokan aikinsu suka bayyana cewa a tsakiyar kwarin kogin Kwango akwai gambut mai faɗin murabba'in kilomita 145,500, yana riƙe da kabon kusan tan biliyan 30. Mafi yawansa har yanzu a jiƙe yake. A 2018 ƙasashen Kwango biyu da Indonesiya suka sa hannu a wata yarjejeniya a Barazabil kan kare shi. Da ma duk mai riƙe da alƙalami a can zai zo ya ga yadda mutum biyar ke tsalle a kan turke ɗaya don gyara abin da inji ya haƙa cikin sa'a guda.

19 ga Satumba

Wuta. Kwana shida ke nan ban buɗe littafin nan ba.

Ta taso ne daga hayin babbar magudana, inda ba mu da madatsa. Ranar farko harshenta a sama yake, tana cin busasshen kelakai, wannan mun san yadda ake yi da ita. Da ta lafa sai ta shige ƙasa, nan ne wahalar take. Wutar gambut ba ta da harshe. Tana ci ne a ƙarƙashi kamar garwashin da aka rufe da toka, tana rarrafe, sai ka ga farin hayaƙi na tsattsafowa daga ƙasa a wurin da ba ka zata ba. Zafi na ratso takalmin roba. Itace na tsaye da koren ganyensa, ba iska ba komai, sai ka ji ya kife, ta cinye saiwoyinsa. Ɗaya ya faɗi taku kaɗan daga inda wani saurayi ke riƙe da mesa. Tun daga ranar na hana kowa aiki shi kaɗai, kuma mai gaba dole ya riƙe sanda yana caka ƙasa, don akwai ramukan toka mai zafi da ɓawon sama ya rufe.

Fesa ruwa a sama ba ya kashe ta. Sai an cusa bakin mesa cikin ƙasa, a yi ta ɗura ruwa ana dama wurin har ya koma kamar kunu, sannan a sa hannu a ji ko ya huce. Taku goma kan ci sa'a guda. 'Yan sa-kai na ƙauye masu yaƙi da gobara su suka riƙe aikin ba ji ba gani, daga baya 'yan Manggala Agni, rundunar kashe gobarar daji ta gwamnati, suka iso da injuna biyu.

Magudanun da ba a datse ba sun ƙafe sai caɓo. A bayan madatsunmu kuwa akwai ruwa har ƙirji, daga nan injuna ke ja. Bue ne ke jigilar fetur da abinci a jirginsa, yana haye ƙofofin ɗaya bayan ɗaya.

3 ga Oktoba

Na shiga Palangka Raya, babban birnin lardin, sayen kayan gyaran inji. Hayaƙi ya rufe gari, rana ta zama jan faifai, kowa da takunkumi. Mai shagon da na tsaya ya ce bai kai na 2015 ba, lokacin da sararin sama ya koma ruwan ɗorawa. A wannan shekara hekta miliyan 2.6 suka ƙone a Indonesiya, Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar dala biliyan 16.1, wani bincike na jami'o'in Habad da Kolombiya kuma ya ƙiyasta mutuwar mutum fiye da 100,000 kafin lokacinsu a Indonesiya da Maleshiya da Singafo. Bayan ta ne Shugaba Joko Widodo ya kafa hukumar farfaɗo da gambut a Janairun 2016, aka ba ta kimanin hekta miliyan 2 a larduna bakwai. Hanya uku ta shimfiɗa: a mayar da ruwa, a mayar da itace, a farfaɗo da sana'ar mutane. Da na fara aikin nan na ɗauki ta ukun ƙari ce a kan biyun farko. Yanzu da ita zan fara.

Jikar Mina na kwance da tari. An kai ta asibiti.

30 ga Oktoba

Ruwa ya sauka sau uku a mako guda, na ƙarshen kamar da bakin ƙwarya. Hayaƙi ya ɗauke. Yarinyar ta dawo gida.

Ga gaskiyar abin da bututu suka nuna, ba zan yi mata kwalliya ba. A tsakiyar rani ko kusa da madatsu ruwa ya sauka ƙasa da arba'in ɗin nan, ya kai 55 a wasu bututun. Madatsa ba ta haifar da ruwa, jinkirta tafiyarsa kawai take yi, idan sama ta ɗauke wata uku dole ya sauka. Amma a layin kwatance ya wuce mita ɗaya, bututu biyu ma ba mu samu ruwa a cikinsu ba sam, ɗaya kuma wuta ta narkar da shi.

Na bi iyakar ƙunar da ƙafa. A hayi wuta ta ci ƙasa har zurfin gwiwa, abin da ya taru cikin ɗaruruwan shekaru. A gefenmu ta shigo ta lashe ciyawar sama, ta ɗan taɓa ƙasa, ta tsaya inda gambut ke da danshi. Mun rasa wani yanki a kusurwar yamma, can nesa da magudana inda tasirin madatsu bai kai sosai ba. Rijiyoyin burtsatse biyu daga cikin biyar ba su ba da ruwan kirki ba, sai an sake su.

6 ga Disamba

An fara dashe. Lokacin ƙanƙani ne: sai ƙasa ta jiƙa, amma kafin ruwa ya hau ya shanye kan tsirrai. Muna zaɓen waɗanda suka kai tsayin gwiwa zuwa sama, a wuri mai kwari a tara ɗan tudu a dasa a kai. Ana share kelakai layi-layi, ba a kwashe shi duka, inuwarsa na da amfani ga ƙaramin dashe. Balangeran ya tafi fili inda wuta ta ci. Jelutun kuma kusa da magudana, inda masu tsaga za su kai da jirgi, ko da yake sai nan da shekaru masu yawa zai isa tsaga. Mina ta ce ba don kanta take dasawa ba, ta nuna jikarta da haɓa.

Mutanen hayi sun aiko. Sun ga inda wuta ta tsaya, suna so a zo a duba tasu magudanar. Na ce sai mun zauna da masu jirage tukuna, kuma da igiyar awo zan zo. Babbar magudanar kanta ta fi ƙarfin gelam da buhu, wannan aikin inji ne da kuɗin gwamnati, na rubuta a rahoto karo na biyu.

Bue na so a haƙa beje biyu a bayan madatsa ta huɗu, wato ramin kifi irin na gargajiyarsu. Idan ruwa ya yi ambaliya kifi ya shiga, idan ya janye su maƙale a ciki, haruan da papuyu, a kwashe da rani. Na yarda da sharaɗin kada a haɗa shi da magudana. Ya ce ai beje da ƙofa ba beje ba ne.

Madatsa ta biyu ta fara yoyo ta fiffiken hagu, turaku uku sun karkace. Bututu na 7 ya nuna ruwa a santimita 6 ƙasa da safiyar yau. Gobe za mu kai gelam ashirin da buhuna, sannan a ci gaba da layi na goma sha biyu.